Injin TIG na farko: DC zalla ko AC/DC, wanne ya dace da mai koyo a gida?

Wanda ya saba ganin waldar sanda a bakin titi, tartsatsi na tashi ana kankare kashin walda da guduma, ranar da ya fara ganin waldar TIG sai ya ɗauka wata sana'a ce dabam. Ba tartsatsi, ba kashin walda, hayaƙin ma kaɗan ne. Hannu ɗaya na riƙe da toci mai ɗauke da siririn tsinken tangistin, ɗaya hannun na ɗosana sandar ciko cikin ɗan kududdufin narkakken ƙarfe, iskar argon kuma ta lulluɓe wurin don kada iskar waje ta taɓa shi. Tsinken ba ya narkewa, domin tangistin sai zafi ya kai digiri 3,422 kafin ya narke. Russell Meredith ne ya daidaita wannan dabara a kamfanin ƙera jirage na Northrop da ke Amurka a 1941, don haɗa sassan maganiziyam, kuma da iskar hiliyam ya fara, shi ya sa tsofaffin masu walda a can har yau suke ce mata Heliarc.

Mai son shiga wannan harka don sha'awa yakan fara da tambayar wane kamfani ya fi. Tambayar da ta riga wannan ita ce: akwai alminiyam a cikin abin da za ka riƙa haɗawa, ko babu? Amsarta ce ke raba kasuwar injinan gida biyu, ita ce kuma ke yanke yawan kuɗin da za ka kashe.

Dalilin da ya sa alminiyam ke da tsada

Baƙin ƙarfe, sitenles, jan ƙarfe da taitaniyam duk da wutar DC, wadda ke bin hanya ɗaya ba ta juyawa, ake haɗa su, a sa toci a gefen da ke da alamar ragi, wayar at, wadda ake maƙalawa a jikin aikin, a gefen alamar ƙari. A wannan tsari kusan kashi biyu cikin uku na zafin yana sauka kan aikin, tsinken ya zauna da kaifinsa. Idan aka juya wayoyin kamar yadda aka saba a waldar sanda, tsinken zai dunƙule ya narke cikin daƙiƙa kaɗan. Wannan shi ne kuskuren ranar farko na mutane da yawa, har wani ya ɗauka injin ne ya lalace.

Alminiyam nasa halin dabam. Shi kansa yana narkewa a wajen digiri 660, amma fatar da ke kansa, wadda ke fitowa da zarar iska ta taɓa shi, sai ta haura digiri 2,000. In ka sa masa DC, cikin zai narke ya zube, fatar na nan a sama kamar yanar kunu, sandar ciko ta ƙi shiga. Wutar AC tana juyawa ne gaba da baya: rabin zagaye yana fasa fatar, ɗaya rabin yana narka ƙarfen. Ƙarin kayan lantarkin da ke yin wannan juyi su ne ke sa injin AC/DC yakan ninka na DC kuɗi, wani lokaci fiye da ninki, alhali kamfani ɗaya ne ya ƙera su, ƙarfinsu kuma ɗaya.

Ba wata dabara da za ta sa injin DC zalla ya yi maka waldar alminiyam mai kyau da argon. Mai shago zai iya cewa yana yi. Ka ce ya gwada a gabanka.

Su ma injinan DC ɗin iri uku ne, bambancinsu yana wajen kunna wuta

Na farko shi ne injin waldar sanda na inbata, irin wanda ya cika kasuwa, a sayo masa toci mai famfon gas a jiki, wanda ake rubuta wa 17V ko 26V, a haɗa bututunsa kai tsaye da rigileta, wato na'urar da ke daidaita fitar gas daga silinda. Kunna wutar kamar ƙyasta ashana ne, a goga tsinken a jikin ƙarfen. Shi ya fi araha nesa ba kusa ba, musamman ga wanda yake da injin tun da. Illarsa kuwa tana da yawa. Kowane gogi yana dakushe tsinken, yana barin ɓurɓushinsa cikin waldar. Tocin kullum da wuta a jiki, duk inda ya taɓa sai ya yi tartsatsi. Da hannu ake buɗe gas, da hannu ake rufewa, ranar da aka manta kuwa silinda ta tsiyaye. Sannan ba hanyar rage wuta a ƙarshen layi, sai dai ka fizge tocin, wanda ke janye argon daga ƙarfe mai zafi ya bar rami baƙi. Sharaɗi ɗaya: dole injin ya zama mai fitar da DC. Tsohuwar tiransifoma mai naɗin waya da ake ƙerawa a gida AC take bayarwa, ba ta shiga wannan lissafi.

Na biyu shi ne wanda aka rubuta wa Lift TIG. Kana ɗora tsinken a kan ƙarfen, injin ya ba da ƴar wuta kaɗan, kana ɗagawa ya saki cikakkiyar wutar. Ya fi gogi tsabta sosai. Yawancin injinan da ake tallata su a matsayin uku-cikin-ɗaya, wato MIG (waldar da inji ke turo waya da kansa) da sanda da TIG, irin wannan TIG ɗin ne da su, DC ne kawai, kuma da yawansu ba su da bawul ɗin gas na ciki a ɓangaren TIG. A duba wannan kafin a biya.

Na uku shi ne mai HF, wato mai kunna wuta da tartsatsi daga nesa. Tsinken ba ya taɓa ƙarfe ko kaɗan. Ka riƙe shi tazarar milimita 2 zuwa 3, ka danna maɓalli, tartsatsi mai ƙarfin bolta ya tsallaka ya kunna wutar. Irin wannan injin yakan zo da bawul ɗin da ke buɗe gas da kansa kafin wuta, ya bar shi yana zuba bayan ta mutu, da kuma saitin da ke sauke wutar sannu a hankali a ƙarshen layi. Waɗannan abubuwa ukun sun fi duk wani ƙyale-ƙyalen da ke fuskar injin amfani ga mai koyo. Aibinsa shi ne HF na iya rikita kwamfuta, rediyo da inbatar sola da ke kusa, kuma mai na'urar daidaita bugun zuciya bai kamata ya kusanci walda ba sai da izinin likita.

In dai baƙin ƙarfe da sitenles ne aikinka, irin su firam ɗin keke, salansar babur, teburin kicin, ƙafafun kujera, murhun gashi, to DC mai HF na ampiya 160 zuwa 200 shi ne zaɓin da ba a cika nadamarsa ba. Injin AC/DC kuwa kusan duk da HF suke zuwa, don haka wannan muhawara ba ta shafe su ba.

Ampiya nawa kake bukata da gaske

Ƙa'idar da masu walda ke farawa da ita: kimanin ampiya 40 ga kowace milimita ta kaurin baƙin ƙarfe, har zuwa wajen milimita 3. Sitenles yana son ƙasa da haka kaɗan saboda yana riƙe zafi wuri ɗaya. Alminiyam yana son fiye, domin yana kwashe zafi ya watsa cikin jikinsa kamar jan ƙarfe. Faranti mai milimita 3 na alminiyam zai ci ampiya 120 zuwa 150, mai milimita 6 kuwa zai ƙure injin ampiya 200. Saboda haka AC/DC mai ampiya 160 ba riba ba ce, wanda zai saya ya fara daga 200.

Ƙasan ma'aunin ma abin dubawa ne. Injin da ke iya sauka zuwa ampiya 5 ko 10 ba tare da wutar ta yi ta rawa ba shi ne zai haɗa maka falle mai rabin milimita. A aikin sha'awa an fi yawan zama tsakanin 30 da 120, ba a cika hawa sama ba.

Sai adadin da ake rubutawa da alamar kashi cikin ɗari a jikin farantin bayanan injin. In an ce 35% a ampiya 200, ana nufin minti uku da rabi na aiki cikin kowane minti goma, sauran hutu. Ƙa'idar IEC 60974-1 a zafin digiri 40 take auna wannan, amma wasu masu ƙera injin araha a 25 suke aunawa don lambar ta yi kyau. A Sakkwato ko Maraɗi cikin watan Afrilu, digiri 40 yanayin rumfa ne na kullum, don haka a nemi zafin da aka rubuta kusa da lambar.

Wutar da za ta ɗauke shi

Soket ɗin gida mai ƙafa uku na ampiya 13, a kan bolta 230, kilowat 3 ne iyakarsa. Injin inbata na gama-gari zai ba ka kusan ampiya 120 na TIG daga nan kafin fiyus ya fara ƙorafi. Wanda zai hau 200 sai an ja masa layinsa dabam da waya mai kauri da birika tasa, aikin mai gyaran wuta ne wannan. Injin da aka rubuta wa PFC yana jan wuta ƙasa da takwaransa, yana kuma jure faɗuwar bolta da doguwar waya. A unguwar da wuta ke zuwa rabi-rabi, ƙarin kuɗin PFC ya fi ƙarin kuɗin fals (saitin da ke sa wuta ta riƙa hawa da sauka) ko allon launi amfani.

Ƙaramin janaretan nan na kunna fanka da talabijin ba ya cikin magana. Ga injin ampiya 200 a nemi mai kVA 7 zuwa sama, mai daidaita bolta da kansa. A tayar da janareta ya daidaita kafin a kunna injin, a kashe injin kafin a kashe janareta, domin hawa da saukar bolta a waɗannan lokuta biyu su ke ƙone allon inbata. Allon AC/DC kuma ya fi na DC sarƙaƙiya da tsadar gyara, wani lokaci kayansa sai an yi oda. Miller, Lincoln Electric, ESAB, Fronius da Kemppi sunaye ne da aka sani, akwai kuma na Sin irin su Jasic masu sauƙin kuɗi. Kafin suna, ka tambayi masu gyaran injin walda na garinku wanne suke samun kayansa.

Argon, kuɗin da ba ya ƙarewa

Nan ne lissafin mutane ke rushewa. TIG argon zalla yake so, mai tsabtar 99.99%. Gaurayen argon da CO2 na waldar MIG yana cinye tsinken nan take, waldar ta fito da ƙuraje. Silindar oksijin ta masu yankan ƙarfe kuwa ko kusa.

Lissafin mai sauƙi ne. Silinda mai lita 10 da aka cika har matsinta ya kai bar 200 tana ɗauke da kimanin lita 2,000 na gas. A gudun lita 8 cikin minti, awa huɗu ke nan da ƴan mintuna. A cire gas ɗin da ke zuba bayan kowace tsayawa, wanda ake saitawa kusan daƙiƙa ɗaya ga kowane ampiya 10. Mai koyo da ke yin gajerun layuka na daƙiƙa biyar-biyar zai iya ƙona gas bayan walda fiye da wanda ya ƙona cikinta. Babbar silinda mai lita 40 ko 50 ta fi arha a kowace lita, sai dai nauyi da wahalar ɗauka. Wanda garinsu ba a cika argon, ya san inda zai riƙa kaiwa da kuɗin mota tun kafin ya sayi injin. Wannan ma wani dalili ne na fifita DC mai HF a kan AC/DC ga mai ƙaramin jari: rarar kuɗin za ta zama cikon silinda da yawa, hannu kuwa da awannin aiki yake faɗawa.

A sayi rigileta mai ƙwallo cikin bututun gilashi, ta fi mai agogo biyu nuna gaskiyar gudun gas. Lambar kofin tangaran da ke bakin toci tana nuna faɗinsa: lamba 6 kusan milimita 9.5, lamba 7 kusan 11. Lita 6 zuwa 8 ta ishe su. Ƙara gas fiye da kima ba ya ƙara kariya, hautsina shi yake yi ya janyo iskar waje. Fanka, taga a buɗe ko iskar hunturu duk suna kore argon, don haka a kafa kariya ta katako ko kwano a gefen da iska ke fitowa.

Toci, tsinke da sandar ciko

Toci mai lamba 9 ampiya 125 yake ɗauka, 17 yana ɗaukar 150, 26 kuma 200, duka iska ke sanyaya su. Injina da yawa da 26 suke zuwa, mai nauyi da taurin waya, yana gajiyar da wuyan hannu a ƙananan aiki. Lamba 17 mai wuya mai lanƙwasuwa ya fi daɗin koyo, kayan bakinsa kuma ɗaya ne da na 26. Na 9 kayansa ƙanana ne, irin na 20 mai sanyaya da ruwa. AC tana zafafa toci fiye da DC, don haka mai alminiyam ya riƙe 26 ɗinsa.

Ana gane tsinke da launin gindinsa. Shuɗi mai lantanam 2% da ruwan zinare mai 1.5% suna aiki a DC da AC duka, mai koyo ya sayi ɗaya daga ciki ya huta. Ruwan toka mai siriyam yana da kyau a ƙaramar wuta. Ja mai toriyam ya daɗe ana amfani da shi a DC, amma ƙurarsa wajen wasawa tana da ɗan tururin nukiliya, ba dalilin shaƙarta tunda ga madadi. Kore, tangistin zalla, na tsofaffin injinan tiransifoma ne, a inbata ba ya daɗewa. Kauri biyu sun isa: milimita 1.6 har zuwa wajen ampiya 120, sai 2.4 daga nan zuwa 200. A wasa shi a tsaye, layukan dutse su bi tsawonsa, tsinin ya kai ninki biyu zuwa biyu da rabi na kaurinsa. In aka wasa a kwance, wutar za ta riƙa yawo. Dutsen wasa shi kada ya taɓa wani ƙarfe.

Sandar ciko: ER70S-2 ko ER70S-6 ga baƙin ƙarfe, ER308L ga sitenles nau'in 304, ER316L ga 316, ER309L in za a haɗa sitenles da baƙin ƙarfe. Ga alminiyam, ER4043 ta fi saurin kwanciya, ER5356 ta fi ƙarfi amma ba a sa ta inda zafi zai daɗe sama da digiri 65. Wayar ɗauri ko sandar walda da aka kankare ba sandar ciko ba ce, ramuka za ta cika maka waldar da su.

Feda, wato matakin ƙafa mai ƙara wuta da ragewa, a baƙin ƙarfe jin daɗi ce kawai. A alminiyam kusan dole ce, saboda ana farawa da wuta mai yawa ƙarfen na sanyi, yana ɗaukar zafi kuma sai an yi ta ragewa, in ba haka ba ya ɓurme. A tabbata injin yana da mashigar feda, kuma ana samun wadda ta dace da shi, domin filoginsu ba iri ɗaya ba ne.

Wanda AC/DC ya dace da shi

Shi ne wanda ya riga ya san aikin alminiyam ɗin da ke jiransa: akwatin kaya, firam, bututun iska na mota, gyaran murfin inji. Saiti biyu zai koya bayan na DC. Na farko rabon zagaye, a fara da 70% a gefen ragi. Wasu injinan gefen ƙari suke nunawa, a nan 30% ke nan, kuma juya su yana sa tsinke ya dunƙule ya zama ƙwallo. Na biyu yawan juyi, a fara da 100 cikin daƙiƙa, ƙari yana tsuke wutar, ragi yana faɗaɗa ta. A goge wurin da asiton, a bi da buroshin sitenles wanda bai taɓa taɓa baƙin ƙarfe ba, a yi waldar nan take.

Sai dai a rage buri. Tukwanen da ake zubawa daga narkakken tarkace da murfin injin da ya sha baƙin mai shekara da shekaru suna tofar da datti cikin kududdufin, ƙwararre ma yana shan wuya da su. Alminiyam nau'in 2024 da 7075 ba a yi su don irin wannan walda ba, tsagewa suke yi. 6061 yana haɗuwa lafiya, amma in ba a sa ciko ba ya tsage ta tsakiya. Wasu murafan kuma maganiziyam ne: a ɗiga ruwan binega a wurin da aka kankare, in ya yi kumfa ba alminiyam ba ne. Wilin mota da tankin mai ba aikin mai koyo ba ne ko da wane inji.

Ko da AC/DC ka saya, da baƙin ƙarfe za ka fara. Yanka falle mai milimita 3 gunduwa-gunduwa, ka goge baƙar fatar masana'anta da giranda har ya yi fari, domin TIG ba ta yafe tsatsa, fenti ko maiƙo. Tsinke 1.6 ko 2.4, ya leƙo milimita 3 zuwa 5 daga kofi, ampiya 90 tunda layi kawai za ka ja a kan falle, gas lita 7. Karkata tocin digiri 10 zuwa 15, ka tura gaba, tazarar tsinke da ƙarfe kada ta wuce kaurin tsinken da yawa. Ja layuka ba ciko har faɗinsu ya daidaita, sannan ka fara ɗosana sanda mai 1.6 a gaban kududdufin, bakinta kada ya fita daga inuwar argon. Duk lokacin da tsinke ya nutse ko sanda ta taɓa shi, tsaya ka sake wasawa, shi ya sa ake wasa biyar ko shida a ajiye. Ƙananan ramuka na nufin datti, iska ko yoyon bututu. Sitenles da ya fito toka-toka maimakon ruwan zinare ya sha zafi, yawanci saboda tafiyar hawainiya da ƙaramar wuta. Bayan waldar bututun sitenles in ya yi burtsi-burtsi kamar ƙonannen sukari, cikin bututun ne ba a cika da argon ba.

A cikin kasafin, a ware kuɗin hular walda mai duhunta kanta, mai lamba 9 zuwa 13 da idanu huɗu, domin masu arha sukan kasa ganin ƙaramar wutar TIG su washe ana tsakiyar aiki. Hasken TIG yana ƙona fata fiye da yadda rashin tartsatsinsa ke sa mutum zato, don haka riga mai dogon hannu ta auduga, wuya a rufe, da safar hannu ta siririyar fata. Ƙarfen galbanais sai an goge zink ɗinsa tas, hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Kada a wanke ƙarfe da feshin wanke birki mai kilorin, zafi da hasken walda suna mai da shi iskar fosjin mai kisa. Argon ya fi iska nauyi kuma ba shi da wari, a ƙaramin ɗaki rufaffe yana taruwa ya kore iskar shaƙa. Silinda a tsaye take zama, ɗaure da sarƙa a bango, a rufe kanta duk lokacin da aka tashi daga aiki.